Bayan Santiago, Sai Ina? Yadda Ake Zaɓen Gajeriyar Tafiya Bayan Kammala Camino

Wanda ya shiga dandalin Obradoiro da ƙafarsa, ya sauke jakar goyo a gaban babbar majami'ar Santiago de Compostela bayan mako ɗaya ko wata guda yana taka Camino, tsohuwar hanyar ziyarar ibada da take ƙarewa a wannan birni na Sifaniya, yakan wayi gari da tambayar da bai yi mata tanadi ba. Jirginsa sai nan da kwana uku ko biyar. Babu sauran kibiya mai ruwan ɗorawa, alamar hanyar, da zai bi, babu zangon da zai cimma kafin rana ta yi zafi. A masauki kowa da shawararsa: wannan ya ce Fisterra ta bakin teku, wancan ya ce Porto ta Fotugal, wani ya ce ai A Coruña ga ta nan kusa. Nan ne mutane da yawa suke ɓata kwanakin da suka rage, domin suna zaɓe da kunne, alhali abu uku ne ya kamata su yanke hukuncin: yawan kwanakin da suke hannu na haƙiƙa, halin da ƙafa take ciki, da abin da rai yake nema bayan doguwar tafiya. Wannan jagora ta bi su a jere, sannan ta auna wuraren da ake iya zuwa daga Santiago, a yankin Galisiya na arewa maso yammacin Sifaniya.

Mataki na farko: ƙirga kwanaki daga baya

Fara daga ranar tashin jirgi ka dawo baya. Cire dare na ƙarshe, wanda ya zama tilas ka kwana a garin da jirgin zai tashi. Cire yini ɗaya cikakke na Santiago kanta. Abin da ya saura shi ne kwanakinka.

Ga misali. Ka iso Santiago ranar Talata da azahar, jirginka zai tashi daga Madrid safiyar Lahadi. Da ido kamar kwana biyar ne. Amma Laraba ta Santiago ce, Asabar ta hanyar Madrid ce, saura Alhamis da Jumma'a: yini biyu, dare ɗaya. Da wannan lissafin ba a taka ƙafa zuwa Fisterra, sai dai a hau bas. Wanda bai yi lissafin ba zai kama hanya ranar Laraba, ya tsinci kansa a Olveiroa daren Alhamis, saura fiye da kilomita 30 a gabansa, hankalinsa kuma ya koma kan jirgi.

Dalilin ware wa Santiago yini guda ba na shaƙatawa kaɗai ba ne, akwai aikin da ke jira. Takardar shaida da ake kira Compostela ana karɓarta a ofishin maziyarta da ke titin Rúa das Carretas, ga wanda ya yi aƙalla kilomita 100 a ƙafa ko 200 a keke, da hatimi biyu a kowace rana cikin ɗan littafin shaidar tafiyarsa da ake kira credencial. A 2024 kusan mutum 500,000 ne suka karɓe ta, don haka a watannin bazara layi yana iya cin sa'o'i. Taron ibada na maziyarta a majami'ar ana yin babbansa da ƙarfe 12 na rana, kuma ba a shiga da jakar goyo. Gidan waya na Correos da ke titin Rúa do Franco yana ajiyar kaya. Mai son ganin ƙofar Pórtico da Gloria wadda gwanin sassaƙa Mestre Mateo ya yi, ko hawa rufin majami'ar, sai ya kama gurbi tun da wuri. Ga wanki, ga barcin da aka daɗe ana bin bashinsa. Idan tafiyar ta faɗo kusa da 25 ga Yuli, ranar bikin Yakubu, almajirin Yesu wanda aka ce kabarinsa yana cikin majami'ar, ko a Shekara Mai Tsarki (duk shekarar da 25 ga Yuli ta faɗo Lahadi, kamar 2027), komai sai an ƙara masa lokaci, kuma ɗakin kwana yana wuya.

Mataki na biyu: tambayi ƙafa, da safe

Ranar isowa ba ranar yanke hukunci ba ce. Murna tana rufe ciwo, jiki kuma yana nan da ɗuminsa. Washegari da safe, bayan an kwana ba a tashi da asuba an ɗaura takalmi ba, shi ne lokacin da ƙafa take faɗin gaskiya. Gwajin ba shi da wuya: sauka matakalar bene hawa biyu ba tare da riƙe ƙarfe ba, sannan ka bi gaban ƙwaurinka da babban yatsa kana dannawa daga gwiwa zuwa idon sawu, ka kuma matsa agara a bayan diddige.

Tsamin jiki da ya bazu ko'ina, wanda yake sakin mutum bayan minti goma na tafiya, ba abin damuwa ba ne. Wanda ake tsoro shi ne ciwon da yake wuri ɗaya tak a kan ƙashi, wanda yatsa ɗaya zai iya nunawa, yana ƙaruwa da tafiya ko yana tashin mutum da dare. Irin wannan yana iya zama tsagewar ƙashi daga yawan takawa, kuma ƙarin kilomita 90 zuwa Fisterra a kansa yana iya jawo jinyar watanni. Haka kumburi da ɗumi a agara ko a gaban ƙwauri: jijiya ce ta gaji, hutu take so. Bororon da ya bushe ya zama kanta ba ya hana tafiya. Wanda gefensa ya yi ja, jan yana faɗaɗa, yana fitar da mugunya ko ya zo da zazzaɓi, wannan na likita ne a ranar, kafin a yi zancen ko'ina. Kantin magani a Sifaniya yana da alamar koren gicciye, kuma masu kantunan Santiago sun saba da ƙafar maziyarta.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: idan sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura ita kaɗai, ta yi zafi tana ciwo, musamman bayan doguwar zama a bas ko jirgi, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. In numfashi ya soma wuya a kan haka, lambar gaggawa 112 ce, a Sifaniya da Fotugal duka.

Daga wannan gwajin mutum yake faɗawa ɗaya cikin uku: mai iya ci gaba da takawa da jaka, mai iya yawon gari na sa'o'i kaɗan ba jaka, ko wanda zama ne maganinsa.

Mataki na uku: wuri ɗaya

Taura biyu ba ta taunuwa. Mai kwana uku da ya tsara Fisterra, A Coruña da Porto zai ƙare da tikiti shida da barci a tasha. Bayan makonni ana tafiyar kilomita huɗu a sa'a, jiki ba ya jin daɗin a riƙa jifa da shi daga wannan gari zuwa wancan. A ganinmu, duk wanda yake da ƙasa da kwana huɗu ya tsaya a wuri ɗaya, ya kwana a can.

Don gane wanne, ka duba abin da ya fi damunka a safiyar nan. Idan abin da ke cin ranka shi ne tafiyar ta ƙare da wuri, ko cunkoson kilomita 100 na ƙarshe daga garin Sarria ya hana ka natsuwa, teku kake so. Idan ka gaji da gadaje masu hawa biyu da minsharin mutum ashirin, gari kake so, da ɗaki mai ƙofa. Idan jiki ne ya yi tsami, ruwan zafi.

Fisterra da Muxía a ƙafa

Wannan ita ce hanya ɗaya tilo da take fita daga Santiago maimakon ta shigo, kuma a kanta za mu fi daɗewa domin nan ne aka fi yin kuskure. Daga Obradoiro zuwa Fisterra kimanin kilomita 90 ne. Alamomin hanya iri ɗaya ne da waɗanda aka saba da su, masu tafiya sun ragu sosai, masaukai kuma sun fi nisa da juna.

Zango na farko, Santiago zuwa Negreira, kilomita 21. Wahalarsa ɗaya ce: hawan da ke bayan ƙauyen Augapesada zuwa tudun Mar de Ovellas, wajen kilomita biyu na tsaye. Ladansa Ponte Maceira, tsohuwar gadar dutse a kan kogin Tambre, inda ruwa yake zuba kan madatsa kusa da tsofaffin injinan niƙa. Zango na biyu, Negreira zuwa Olveiroa, wajen kilomita 33, shi ne yake karya mutane. Wanda ya saba da 20 zuwa 25 a rana kada ya gwada shi don kawai littafi ya ce haka. Ana iya tsayawa a Santa Mariña, kimanin kilomita 21 daga Negreira, a ƙara kwana ɗaya. Kaɗan bayan Olveiroa, a wajen ƙauyen Hospital, hanya ta rabu biyu: hagu Fisterra, dama Muxía. A nan ne ake cika gora a sayi abin ci, domin daga Hospital zuwa Cee akwai wajen kilomita 14 na tudu da daji ba kanti. Saukar da ake yi zuwa Cee tana da tsayi da gangare, gwiwa ce take biyan kuɗinta, kuma a nan ne ake fara hango teku. Daga Cee a bi ta Corcubión da Sardiñeiro, kimanin kilomita 13, a ƙare da rairayin Langosteira, inda mutane da yawa suke cire takalmi su taka yashi har bakin gari.

Kwana uku ga mai ƙarfi, huɗu ga yawancin mutane, biyar ga mai lallaɓa ƙafa. A kan wannan a ƙara rabin yini na dawowa a bas.

Garin Fisterra ba shi ne ƙarshen ba. Hasumiyar fitilar jiragen ruwa, wadda aka gina a 1853, tana bisa tsinin ƙasar, fiye da kilomita uku daga gari, hawa ne a gefen titin mota. A can ne dutsen da aka rubuta kilomita 0,000 yake. Mutane suna zuwa ne don faɗuwar rana, kuma nan akwai abin lura: Galisiya tana can ƙarshen yamma amma tana bin agogon tsakiyar Turai, don haka a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare. Masaukan gwamnatin yankin, na Xunta, suna rufe ƙofa da ƙarfe 10. Mai son ganin faɗuwar rana a bazara ya nemi masauki mai zaman kansa da zai ba shi mabuɗi ko lambar ƙofa. Ya tafi da tocila don dawowa, da rigar iska ko da yini ya yi zafi. Tsohuwar al'adar ƙona tufafi ko takalmi a bakin dutsen an hana ta, saboda gobarar da ta sha tayarwa a ciyawar wurin. Rairayin Mar de Fóra da ke bayan gari yana da kyan gani, amma igiyarsa tana ja, ba a iyo a cikinsa. Ba banza aka sa wa wannan gaɓar suna Costa da Morte ba, wato Gaɓar Mutuwa.

Muxía ƙaramin garin masunta ne, ya fi Fisterra shiru. Daga Olveiroa kimanin kilomita 31 ne. Daga Fisterra kimanin 28, ta ƙauyen Lires. Majami'ar Virxe da Barca tana zaune a kan duwatsu, igiyar ruwa tana dukan gabanta. Tsawa ta faɗa mata ranar 25 ga Disamba 2013, ta ƙone, aka sake gyara ta. Sama da ita akwai wani katon dutse da aka tsaga biyu, A Ferida, na tunawa da malalar man jirgin Prestige a Nuwamba 2002, wadda ta baƙanta wannan gaɓar. Idan za a yi garuruwan biyu, ana iya farawa da kowanne. Mai son ya ƙare cikin jama'a ya ga fuskokin da ya sani daga hanya, ya bar Fisterra a ƙarshe, ga shi kuma ta fi yawan bas na komawa. Mai son ya ƙare shi kaɗai da teku, Muxía.

Kowane garin yana ba da takardar shaidarsa, Fisterrana da Muxiana, ga wanda ya iso da ƙafarsa da hatimai a littafi. Abin da yake hana mutane samu shi ne sun daina buga hatimi tun Santiago, ko littafin ya cika ba su sayi sabo ba. Mai bin hanya tsakanin garuruwan biyu ya tabbata ya buga hatimi a Lires, domin shi ne shaidar cewa ba mota ya shiga ba. Jaka kuma ba dole a goya ta ba: Correos da wasu kamfanoni suna ɗaukar ta daga masauki zuwa masauki, sai dai sukan so a ba su sunan masauki mai zaman kansa.

Fisterra a mota

Ba abin kunya ba ne, kuma ga mai dare ɗaya ita ce hanyar. Bas na kamfanin Monbus yana tashi daga tashar Santiago, inda tashar bas da ta jirgin ƙasa suke haɗe. Tafiyar takan ci sa'a biyu zuwa uku, gwargwadon ko ya bi ta cikin ƙasa ko ya zaga bakin teku ta Noia da Muros. Hanyar bakin teku ta fi kyau, ta fi kwana-kwana. Mai jiri a mota ya zauna gaba, kada ya cika ciki. Ranar Asabar da Lahadi motocin suna raguwa, don haka a duba jadawalin komawa kafin a sayi na tafiya. A wajen neman tikiti a gwada sunan gari da harsunan biyu, Fisterra da Finisterre, domin wasu shafuka ɗaya kawai suka sani. Haka A Coruña da La Coruña, Ourense da Orense.

Akwai kuma motocin yawon yini guda, masu fita da safe su dawo da yamma. Suna tsayawa a Ponte Maceira, da Muros, da dogon rumbun dutse na Carnota, da Ézaro inda kogin Xallas yake zubowa daga dutse zuwa teku, sannan Fisterra da Muxía. Ga mai ciwon ƙafa da yini ɗaya tak, sun yi. Amma a sani cewa kowane wuri minti kaɗan ake ba shi, kuma a bazara an dawo Santiago tun rana tana sama. Wanda faɗuwar rana ce ta kai shi, sai ya kwana.

Tsakanin Fisterra da Muxía motar haya ta jama'a ba ta da yawa. Tasi wajen rabin sa'a ce, kuma idan mutum uku ko huɗu suka haɗa kuɗi ba ta yin tsada.

Garuruwan da ake zuwa a dawo a yini

A Coruña ita ce mafi sauƙi: kimanin rabin sa'a a jirgin ƙasa, jirage suna tashi a kai a kai. Gari ne da teku ta kewaye, da gidaje masu barandar gilashi a bakin tashar ruwa, da dandalin María Pita. Abin zuwa gani shi ne Torre de Hércules, hasumiyar fitila tun zamanin Romawa da har yau take aiki, mai tsayin mita 55, wadda UNESCO ta sa a jerinta a 2009. Matakalarta ta haura 200, mai ciwon gwiwa ya tsaya a ƙasa, filin da ke kewaye da ita ma ya isa. Tashar jirgin tana da nisa da tsohon gari, a hau bas na cikin gari.

Ourense ta masu tsamin jiki ce, wajen minti 40 a jirgi. A tsakiyar gari maɓuɓɓugar As Burgas tana fitar da ruwa mai zafin da ya haura digiri 60, a bakin kogin Miño kuma akwai wuraren wanka kamar Outariz da A Chavasqueira, wasu kyauta wasu na kuɗi. Ana buƙatar kayan wanka, tawul da silifa, ba a shiga da sabulu, kuma maza da mata wuri ɗaya suke shiga, wanda hakan bai yi masa ba ya sani tun kafin ya sayi tikiti. Mai buɗaɗɗen bororo ko rauni ba ya shiga, don kansa da don sauran mutane. Ƙafar da ta kumbura da sabon ciwo ma sanyi take so, ruwan zafi yana ƙara mata kumburi. Na bakin kogi sukan rufe in Miño ya cika, a bincika kafin a tashi. A Yuli da Agusta garin yana cikin mafi zafi a Galisiya, wanka a ruwan zafi da tsakar rana a lokacin ba shi da daɗi.

Padrón, kimanin kilomita 25 kudu da Santiago, ta dace da wanda ibada ce ta kawo shi kuma bai biyo hanyar Camino da ta taso daga Fotugal ba. A ƙarƙashin bagaden majami'ar Santiago ta garin akwai dutsen Pedrón, wanda al'adar wurin ta ce a jikinsa aka ɗaure jirgin ruwan da ya kawo gawar Yakubu. Rabin yini ya isa. Lugo tana da ganuwar Romawa da ta kewaye tsohon gari ba yankewa, fiye da kilomita biyu, ana tafiya a samanta. Wanda ya biyo hanyar Camino da ake kira Primitivo ya riga ya gan ta. Pontevedra tsohon gari ne da aka hana motoci yawancin tsakiyarsa, shimfiɗaɗɗe, mai sauƙi ga gajiyayyar ƙafa.

A duk waɗannan, a kiyayi Litinin, ranar da gidajen tarihi da yawa suke rufe, da Lahadi, ranar da kantuna suke rufe.

Wuraren da suke buƙatar izini

Tsibiran Cíes, a bakin Vigo, suna cikin gandun ƙasa da ake karewa, kuma nan ne shirin ranar ƙarshe yake rushewa. A lokacin cunkoso, wato makon Ista da watannin bazara, ana ƙayyade yawan masu shiga kowace rana. Tsarin shi ne a fara neman izini kyauta a shafin gwamnatin Xunta, a samu lamba, sannan a sayi tikitin jirgin ruwa da lambar kafin ɗan gajeren wa'adinta ya ƙare. A Yuli da Agusta guraben suna ƙarewa makonni kafin ranar. Jirgin ruwa wajen minti 45 ne daga Vigo, kuma iska mai ƙarfi tana iya soke shi. Babu otal a tsibirin sai sansanin tanti, babu kwandon shara, abin da ka kai shi za ka dawo da shi. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar bazara. Matsalar maziyarci ita ce bai san ranar da zai gama tafiyarsa ba tun makonni kafin nan, shi ya sa Cíes ta fi dacewa da mai tsayayyen jadawali.

Rairayin As Catedrais kusa da Ribadeo shi ma yana buƙatar izini daga Yuli zuwa Satumba da makon Ista, kuma bakunan dutsensa ba sa takuwa sai ruwa ya janye. Yana da nisa daga Santiago. Ba motar kanka, bai cancanci yini ɗayan da kake da shi ba.

Porto ko Madrid: idan jirgi daga can zai tashi

Hanya mafi arha ta samun ƙarin gari ita ce a sa shi a kan hanyar gida. Porto tana da nisan sa'a uku zuwa huɗu a bas daga Santiago, wasu motocin ma suna tsayawa a filin jirginta. Ta jirgin ƙasa sai an sauka a Vigo an canza zuwa jirgin Celta, wanda sau biyu kawai yake tashi a rana, daga tashar Guixar. Vigo tana da tasha biyu, Guixar da Urzáiz, kuma jirage masu sauri daga Santiago a Urzáiz suke tsayawa. Wanda bai lura ba zai sauka a tashar da ba ita ba. Agogon Fotugal yana bayan na Sifaniya da sa'a ɗaya, lokacin da ke kan tikiti kuma na garin da aka rubuta ne. Kuskuren ya fi ciwo a hanyar dawowa Sifaniya, inda sa'a take ɓacewa. Porto gari ne na tudu da gangare da titunan dutse: daga tashar São Bento zuwa bakin kogin Douro sauka ce mai tsanani, dawowa kuma hawa. Mai ciwon agara ya nemi masauki a sama kusa da tashar jirgin cikin gari, ya tsallaka gadar Dom Luís I ta benenta na sama. Dare biyu ne mafi ƙarancin abin da ya dace da ita.

Madrid wajen sa'a uku zuwa uku da rabi ce a jirgi mai sauri tun da aka kammala layin Galisiya a Disamba 2021, yana sauka a tashar Chamartín. Kuɗin tikitin Renfe, kamfanin jirgin ƙasa na Sifaniya, yana tashi in rana ta matso, kujerun Jumma'a da Lahadi kuma suna ƙarewa. Wannan shi ne tikitin da ya kamata a saya tun ana kan hanya, da zarar an san ranar isa Santiago, ko da sauran shirin bai tsaya ba.

Sifaniya da Fotugal duka suna cikin yankin Schengen, babu shingen iyaka na kullum, amma fasfo ya kasance a jiki domin direban bas yana iya nema. Mai biza ya ƙirga kwanakin da aka ba shi daga ranar shiga, ranar shiga da ranar fita duk ana lissafa su. Ingila ba ta cikin yankin, wanda jirginsa zai bi ta can ya duba ƙa'idarta daban.

Kaya, kwana da yanayi

Kafin a shiga otal ko gidan kowa, a duba jaka saboda kuɗin-cizo, wanda yake bin masaukan hanya. Alamarsa cizo a jere a hannu ko wuya, da ɗigon baƙi a ɗinkin jakar barci. Zafi ne yake kashe shi da ƙwansa: wanki a digiri 60, ko injin busarwa a mafi zafinsa na aƙalla minti 30. A yi wannan a yinin Santiago, inda injinan wanki na kuɗi suke da yawa.

Masaukan Xunta, masu kimanin Yuro 10, na maziyartan da ba mota ta kawo su ba ne, ba sa karɓar ajiyar gado, dare ɗaya ake yi, a fita kafin ƙarfe 8 na safe. Wanda ya iso Fisterra a bas ba shi da haƙƙin gado a can, ya nemi masauki mai zaman kansa, kuma a bazara ya kama tun kwana biyu kafin nan. Mai komawa Santiago ya bar babbar jaka a ajiya, ya tafi da ƙaramar: rigar ruwa, riga mai ɗumi, caja, magani, fasfo.

Galisiya ƙasar ruwan sama ce, bakin tekunta kuma yana yin hazon da yake rufe tsinin Fisterra har ba a ganin fitilar daga mita kaɗan. Hasashen MeteoGalicia na kwana biyu abin dogaro ne fiye da na mako. Idan kana da yini biyu, ɗaya na teku ɗaya na gari, ka bar hasashen ya zaɓa maka wanda zai zo farko, ka sayi tikitin da ake iya canzawa.

Sandunan tafiya da wuƙar aljihu su ne suke tsayar da mutane a ƙarshe. Yawancin filayen jirgi ba sa barin su a jakar hannu, a tashoshin jirgin ƙasa mai sauri ma ana saka kaya a na'urar bincike kuma ana iya karɓe wuƙa. Ko dai a biya kuɗin jakar da za a saka a cikin jirgi, ko a aika su ta gidan waya daga Santiago, ko a bar sandunan a masauki don wani mai tafiya. Mai tashi daga filin jirgin Santiago da ke Lavacolla, wajen kilomita 12 daga gari, ya dawo daga teku tun daren jajibiri: bas ɗin safe daga Fisterra ko Muxía, in ya makara ko ya cika, babu wani a bayansa da zai cimma jirgin azahar.